SHIRIN LAMBU A LOKACIN KAKA DA RENON FUREN KIRISANTIMAM

Wanda ya shiga Kasuwar Muda Lawal ta birnin Bauchi a watan Fabrairu, sa'an nan ya sake komawa a watan Yuni, zai yi tsammanin kasuwa biyu ya gani. A zuwan farko zai tarar da kwandunan tumatir jere har babu masakar tsinke, ga buhunan albasa da tattasai, ga kabeji da karas da latas, 'yan gwari suna roƙon mai saye ya taya. A zuwa na biyu kuwa mai saye ne ke roƙon a yi masa ragi, kwandon da aka yi ta tallarsa dā ya zama sai mai hali. Wannan hawa da sauka a kasuwa ake ganinsa, amma a lambu ake ƙulla shi, tun cikin watannin Satumba da Oktoba, sa'ad da ruwan sama ke shirin ɗaukewa, manomi kuma hankalinsa na kan gero da dawa da gyaɗa.

Wannan takarda za ta bayyana yadda ake shirya lambu a wannan lokaci. Za ta kuma ɗauki wani fure baƙo ta sa shi a gaba, watau kirisantimam, wanda ake gani a tukwane a harabar otal-otal da asibitoci da makarantu da gidajen ma'aikata. Dalilin zaɓensa shi ne babu wata shuka da ke nuna dokar da ke mulkin lambun rani a fili kamarsa. Wanda ya fahimci abin da ke sa wannan fure ya buɗe, ya fahimci abin da ke sa albasa ta yi kai, ko ta ƙi.

Asalin furen

Kirisantimam ɗan ƙasar Sin ne. Mutanen can sun fi shekara 2,000 suna renonsa, don ado da magani da kuma shayi da suke yi da busasshen furen waɗansu irinsa. Daga Sin ya haye zuwa Japan, inda ya sami ɗaukaka irin wadda fure bai cika samu ba: hatimin gidan sarautar ƙasar hoton kirisantimam ne mai kunnuwa 16, ita kanta gadon sarautar da sunansa ake kiranta. Sunan da duniya ta san shi da shi kuwa daga harshen Girka aka harhaɗa shi, ma'anarsa furen zinariya, gama na asali rawaya ne. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya tabbatar da sunan a 1753. Wani ɗan kasuwa na Marseille a Faransa, Pierre Blancard, ya kai waɗansu iri Turai a 1789, daga baya Robert Fortune ya kai masu ƙananan furanni Ingila a 1846. Yanzu akwai dubban iri, fari da ja da rawaya da ruwan hoda da ruwan ƙasa, wani furensa kamar maɓallin riga, wani ya kai faɗin tafin hannu.

A ƙasashen sanyi ana ɗaukarsa alamar ƙarshen shekarar lambu. Shi ne ke buɗewa bayan sauran furanni sun gama, ganyen itatuwa na zuba, mai lambu yana kwashe kayan aikinsa yana jiran ƙanƙara. A Faransa, alal misali, shi ake kaiwa kaburbura ranar 1 ga Nuwamba. Littattafan lambu da ake shigowa da su daga can, da abin da ake karantawa a intanet, duka a kan wannan tsari aka rubuta su. A nan ne mai karatu zai yi hattara. Kakarsu rufe lambu ce, kakar Arewacin Nijeriya kuwa buɗe lambu ce. Wanda ya bi kalandarsu wata-wata a Bauchi ko Kano ko Sakkwato zai yi asarar iri da ruwa da wahala.

Abin da ke sa shi fure

An daɗe ana tsammanin sanyi ne kaɗai ke sa kirisantimam ya yi fure. A 1920 waɗansu masana biyu na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana abin da suka gano wajen gwaji da wata irin taba da waken soya: akwai tsirran da ke auna tsawon yini, ba su fure sai yini ya gajarta zuwa wani mizani. A 1938 waɗansu masanan suka nuna cewa a gaskiya dare ne shukar ke aunawa. Idan aka katse duhun dare da ɗan haske a tsakiyarsa, sai shukar ta ɗauka dare gajere ne, ta ci gaba da yin ganye, ta fasa fure.

Manomin Hausa ya san wannan doka tun kafin a rubuta ta, ko da bai ba ta suna ba. Dawar gargajiya irin su farafara da kaura, ko an shuka ta da ruwan fari ko an yi latti da mako uku, kusan lokaci ɗaya take fid da kai. Wadda aka yi latti sai dai ta fito gajera. Binciken da D. L. Curtis ya yi a Samaru ta Zariya, wanda aka buga a 1968, ya nuna cewa dawar kowane yanki ta daidaita fid da kanta da lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa. Haka waken gargajiya mai yaɗo yake, haka yakuwa. Kirisantimam ɗan wannan ƙungiya ne, sai dai mizaninsa na wata ƙasa ne.

Ga lissafin. Galibin irinsa suna fara ƙulla fure ne idan yini ya gaza kimanin awa 14 da rabi, furen kuma ya ci gaba da girma sosai idan yinin ya gaza kimanin awa 13 da rabi. A Landan yini yakan wuce awa 16 da rabi a watan Yuni, saboda haka shukar tana samun watanni tana yin ganye da rassa, ta yi ƙarfi, kafin dare ya tsawaita a Satumba ya umarce ta da fure. Bauchi kuwa tana wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya. Yininta mafi tsawo, a watan Yuni, bai wuce awa 12 da minti 45 ba, mafi gajarta kuma, a Disamba, wajen awa 11 da rabi ne. Watau ga kirisantimam, kowane dare na shekara a Bauchi dogon dare ne. Da zarar reshe ya kama ƙasa sai ya ji umarnin fure, ya ƙulla kai yana ɗan taƙi guda, ya ba da furanni biyu ko uku, ya tsaya. Wannan ne abin da masu sayen tukwane suke kuka da shi, suna cewa an sayar musu da iri marar kyau, ko kuwa taki ne ya gaza. Sau da yawa irin ba shi da laifi, ƙarin taki kuma ba ya warkar da abin.

Akwai doka ta biyu da ke tafiya tare da ta farko, ita ce ta zafi. Furen yana son dare mai sanyi, wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin santigirat. Idan dare ya yi zafi ƙwarai, kan furen yakan daɗe bai buɗe ba, ko ya buɗe a karkace, launinsa a koɗe. Daga Maris zuwa Mayu zafin Bauchi ya fi ƙarfinsa. Tsakiyar damina kuma laima da yawan ruwa suna ruɓar da saiwa, suna ɓata ganye. Saura hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da dare ke sanyi, sama ta bushe. Shi ne taga ɗaya da ke buɗe, dukan aikin mai reno shi ne ya kai shukarsa bakin wannan taga da girmanta da ƙarfinta. A Jos, wadda tudunta ya wuce mita 1,200, tagar ta fi faɗi, shi ya sa furanni da kayan lambu masu son sanyi suka fi yawa a can, daga can kuma motoci ke sauko da wani kashi nasu zuwa kasuwannin Bauchi.

Yadda ake renonsa

Dabarar ita ce a ruɗe shi da fitila. Masu noman fure na ƙasashe masu zafi suna rataya ƙwan lantarki bisa shukar, su kunna wajen awa 4 a tsakiyar dare, daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 2. Ba a bukatar haske mai ƙarfi. Tsohon mizani shi ne ƙwai mai wat 60 a kowace tazarar mita 1 da 'yan kai, a rataye shi santimita 60 zuwa 90 bisa kan shukar. Ƙwayayen zamani marasa cin wuta masu haske daidai da wannan suna yin aikin. Abin da ke da muhimmanci shi ne kada a yi fashi: idan aka ɗauke wuta dare da yawa a jere, shukar za ta ƙulla fure, mayar da hasken kuma ba zai kwance abin da ya ƙullu ba, sai dai ya ɓata siffarsa. Saboda haka fitila mai cajin hasken rana ta fi zama abin dogaro ga ƙaramin lambu.

Ba a cika shuka shi daga ƙwaya ba. Ana yanko toho ne mai laushi daga uwar shuka mai lafiya, tsawon santimita 6 zuwa 8, a cire ganyen ƙasa, a soka a cikin yashi mai tsabta wanda aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa inda ruwan sama ba zai doke shi ba. Cikin mako 2 zuwa 3 yakan yi saiwa. Tsiron da ke fitowa daga gindin tsohuwar shuka shi ma yana kamawa, ya ma fi sauƙi, amma yakan zo da cutar da ke cikin ƙasar uwarsa. Uwar shukar ita ma dole ta kwana a ƙarƙashin fitila, in ba haka ba tohon da za a yanko ya riga ya ɗauki niyyar fure tun yana jikinta.

Wanda ke son fure a ƙarshen Disamba ko cikin Janairu sai ya yi lissafinsa da baya-baya. Daga ranar da aka kashe fitila zuwa buɗewar fure akan ɗauki mako 7 zuwa 11, gwargwadon iri. Kafin nan shukar tana bukatar mako 4 zuwa 6 a ƙarƙashin fitila bayan dashe. Kafin dashe kuma ga makonnin saiwa. In an haɗa, yankan toho zai faɗo a cikin Agusta ko farkon Satumba, dashe a Satumba ko farkon Oktoba, kashe fitila a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Gara a ɗan jinkirta kashe fitilar da a yi gaggawa, domin zafin agazari na watan Oktoba yakan tauye furen da aka ƙulla a cikinsa.

Ana dasawa a tazarar santimita 30 zuwa 40, a wurin da ke samun rana aƙalla rabin yini. Sa'ad da shukar ta kai santimita 15, sai a sa farce a tsinke kanta. Sabon mai reno yakan ji tausayin yin wannan, amma shi ne ke sa ta fid da rassa daga gefe, kowane reshe kuma da nasa fure. Idan sababbin rassan suka kai tsawon yatsa biyu, ana iya sake tsinke su sau ɗaya. Daga ranar kashe fitila an daina tsinka. Wanda ke son fure manya na yanka, irin na ɗakin taro ko na biki, sai ya bar kai ɗaya a kowane reshe, ya cire ƙananan da ke kewaye da shi tun suna kamar ƙwayar dawa. Wanda ke son tukunya cike da launi sai ya bar su duka. Dogayen iri suna bukatar a kafa musu kara a ɗaure, gama iskar hunturu ba ta barin reshe mai nauyin kai.

Bayan an kashe fitila, dare ya zama duhu na gaske. Tukunyar da aka ajiye ƙarƙashin fitilar tsaro mai kwana a kunne za ta yi ta ganye har shekara ta juyo. Wannan shi ne kuskuren gidajen manya, kamar yadda fure da wuri yake kuskuren gidajen da babu wuta. Maganinsa a janye tukunyar zuwa bayan ɗaki.

Wanda ba shi da halin fitila kada ya fid da rai. Ya soka toho 4 ko 5 a tukunya ɗaya, ya tsinke kansu da wuri, ya yarda da gajeruwar shuka. Zai sami tukunya mai kyan gani a hunturu, ko da ba ta kai ta hoton littafi ba.

Saiwar kirisantimam ba ta nisa, ba ta kuma jure kwanciyar ruwa. A Satumba, ruwa na sauka, sai a ɗaga masa kunya. A Disamba, ƙasa na bushewa, sai a lulluɓe gindinsa da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa. A ba shi ruwa da safe, a gindi, kada a jiƙa ganye da yamma. Takin zamani kaɗan-kaɗan a lokacin ganye, a daina da zarar kan furen ya fara nuna launi. Ruwan ganyensa yakan sa wa waɗansu mutane ƙaiƙayi, mai irin wannan fata ya sa safar hannu.

Ƙasa da ruwa da shinge

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: Kasuwar Muda Lawal kasuwar kayan miya da kayan marmari ce, ba wanda zai ciyar da iyali a Bauchi da fure kaɗai. Masu sayensa kaɗan ne, otal da majami'a da masu shirya biki da masu gidaje. Wurinsa gefen lambu ne, fangalin albasa da tumatir su ne tsakiya. Amma shirin ƙasa ɗaya ne ga duka.

Aiki na farko shi ne duba ruwa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure mai tsada. A watan Oktoba rijiya cike take, fadama tana tsattsafo, mai lambu ya duba ya ga kamar zai iya shayar da kadada guda. Ruwan da za a auna girman lambu da shi shi ne na watan Maris. Wanda ya san inda rijiyarsa ta tsaya a bazarar bara, da abin da man injin ban ruwa ya ci masa, ya yanka fangalinsa daidai da wannan. Lambu ƙarami da ya kai girbi ya fi babba da aka bari rabinsa ya ƙone bayan an kashe masa kuɗin iri da taki. Tun da aka fara Shirin Fadama na Ƙasa a farkon shekarun 1990 da taimakon Bankin Duniya, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injuna sun maye gurbin jigo a wurare da yawa, sun kuma sa jan ruwa ya yi sauƙi har akan manta cewa yana ƙarewa. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa a kowace jiha. Malaman gona suna da shi, ya kamata a tambaye su. Masu lambu a cikin gari kuma su guji ruwan kwata ga latas da kabeji da karas da duk abin da ake ci ɗanye.

Na biyu taki. Kashin shanu ko na kaji da bai ruɓe ba yana ƙona saiwa, yana kawo gara da irin ciyawa. Ramin taki yana bukatar wata 2 zuwa 3, ana juya shi ana yayyafa ruwa, saboda haka wanda zai yi amfani da shi a Oktoba tun Yuli zai tara. Ciyawar da aka nome da ganyen da aka share abincin wannan rami ne. Cinna musu wuta a gona asara ce, a lokacin iska kuma hatsari ne ga amfanin maƙwabci da ke tare a fili. Abin da ya cancanci wuta shi ne tsohon jikin tumatir da tattasai mai cuta.

Na uku shinge. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana ɗauke da ƙura, tana tsotse laimar ganye da ta ƙasa. Darni na karan dawa ko zana a wannan gefe yana rage yawan ban ruwa, yana kuma kare ƙananan dashe. Kaka ce lokacin da kara ke da araha, ita ce kuma lokacin da ake sakin dabbobi bayan an kwashe amfani. Yawancin rigimar mai lambu da makiyayi ko da mai akuyar maƙwabta da shinge mai ƙarfi a kan kari da ba ta taso ba.

Sai juya shuka. Tumatir da tattasai da attarugu da yalo da dankalin Turawa 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Fangalin da ya ɗauki ɗayansu bara, bana a ba shi albasa ko kabeji ko masara. Idan aka tumɓuke tumatir aka ga saiwarsa da ƙulle-ƙulle kamar carbi, waɗansu tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Furen nan mai ƙarfin wari da ake kira merigol, wanda dangin kirisantimam ne kuma ba ya bukatar fitila, idan aka shuka shi da kauri a wurin har wata 2, yana rage su.

Sayen iri

Dokar tsawon yini tana bin mai lambu har cikin rumfar mai sayar da iri. Albasa ita ma tana auna yini, sai dai ita yini take so ya kai wani tsawo kafin ta yi kai. Albasar da ake nomawa a Arewa irin gajeren yini ce, awa 11 zuwa 12 sun ishe ta. Albasar arewacin Turai kuwa tana jiran yini mai awa 14 zuwa 16, wanda ba zai taɓa zuwa Bauchi ba. Wanda ya sayi gwangwanin irinta don kyan hoton da ke jiki zai girbe lawashi. Kafin a biya, a duba ko an rubuta cewa na ƙasashe masu zafi ne, a duba ranar ƙarewarsa, a kuma gwada ƙwaya 20 a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Irin albasa musamman ba ya daɗewa, wanda ya kwana shekara a rumfa mai zafi rabinsa ya mutu. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da rassa a Bagauda ta Jihar Kano da Dadin Kowa ta Jihar Gombe, ana samun shawara a can da kuma ofisoshin shirin raya aikin gona na jihohi.

Renon irin tumatir yana ɗaukar mako 3 zuwa 4, na tattasai 5 zuwa 6, na albasa 6 zuwa 8. Wanda aka zuba a Satumba yana bukatar kunya mai tudu da 'yar rumfar ciyawa saboda ruwan ƙarshe mai duka. Tumatir kamar kirisantimam yake wajen son dare mai sanyi: a zafin Afrilu furensa zuba yake yi ba ya ƙulla 'ya'ya, wannan ne tushen tsadar watan Yuni. Da yake kowa a hunturu yake nomawa, kowa kuma lokaci ɗaya yake kawowa, kwando yakan faɗi warwas a Fabrairu. Mai lambu ba zai iya sauya yanayi ba, amma yana iya raba zubin irinsa kashi uku, mako 2 ko 3 tsakani, kashi na farko ya riga jama'a isa kasuwa, na ƙarshe ya tarar an fara janyewa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Game da shigo da shuka daga waje, doka ta hana a ɗauko toho ko tukunya a jaka ba tare da izinin Hukumar Killace Kayan Gona ta Ƙasa ba. Kirisantimam yana da wata cuta ta farar tsatsa a bayan ganye wadda ƙasashe da yawa ke tsaron iyakarsu saboda ita. Wanda ya ga dokar ta yi tsanani ya tuna da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 kuma ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin.

Ƙwari, da ɗan'uwan da ke kashe su

Darɓa da farin ƙuda da wani ɗan ƙaramin jan gizo-gizo da ke saƙa a bayan ganye su ne abokan gaban kirisantimam a rani, su ne kuma na tattasai da tumatir. Ƙura da bushewa suna ƙara musu ƙarfi. A riƙa juya ganye ana dubawa sau biyu a mako. Idan an gan su da wuri, ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu, a fesa da yamma, yakan wadatar. Idan ta kai ga maganin kanti, a karanta kwanakin da aka ce a jira kafin girbi, a kuma cika su. Kayan da aka fesa jiya aka kai kasuwa yau a tukunyar wani za su ƙare. Furen ado da aka yi wa feshi kuma ba na shayi ba ne, ko da an ji labarin na mutanen Sin.

Abin mamaki shi ne daga wannan dangi ne duniya ta sami ɗaya daga cikin manyan magungunan ƙwari. Akwai wani farin kirisantimam mai rawayan ciki, ɗan gaɓar tekun Kuroshiya, wanda ake kira fairitiram. Garin busasshen furensa yana kashe ƙwaro nan take, rana kuma tana lalata shi da sauri, ba ya daɗewa a kan abinci. An kai shi tuddan Kenya a ƙarshen shekarun 1920, ƙasar kuma ta daɗe tana kan gaba wajen nomansa kafin noman ya ja baya, tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ya karɓe ta, Tanzaniya da Ruwanda suna biye. Maganin sauro mai naɗi da ake kunnawa da dare, wanda ake sayarwa a kowace tireda, a Japan aka ƙago shi da garin wannan fure a ƙarshen ƙarni na 19. Na yanzu galibi da kwaikwayonsa na masana'anta ake yi, haka ma maganin da ke jikin gidan sauro. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Fairitiram yana son tudu mai sanyi fiye da abin da Bauchi ke da shi, kirisantimam na ado kuma ba ya korar sauro daga tsakar gida. Farantin da aka sa a ƙarƙashin tukunyarsa, in ruwa ya kwana a ciki mako guda, shi kansa wurin ƙyanƙyasar sauro ne, a riƙa zubar da shi.

Bayan fure

Furen yanka a yanke shi da sassafe, a tsoma gindinsa a ruwa nan da nan, a cire ganyen da zai nutse. Yana cikin furannin da suka fi daɗewa bayan yanka, yakan kai mako 2 idan ana sauya ruwan, abin da ke ba mai kai shi gari damar da mai latas ba shi da ita.

Sa'ad da furanni suka bushe, wajen Fabrairu, sai a datse shukar a bar santimita 10 bisa ƙasa. A zaɓi gindi 3 ko 4 mafi lafiya daga kowane launi, a sa musu alama tun furen na jiki don kada a rikita, a tumɓuke sauran. Waɗanda aka zaɓa a mayar da su tukwane a ƙarƙashin inuwar itace mai ratsin rana, gefen gabas na ɗaki in da hali, a rage musu ruwa amma kada su bushe ƙaƙas. Maris da Afrilu su ne watannin da aka fi rasa su. Waɗanda suka tsallake zuwa ruwan fari za su fid da sabon tsiro daga gindi. A ɗaga tukwanen bisa bulo kafin marka, a mayar musu da fitilar dare tun daga watan Yuni, a riƙa tsinke kansu, domin a sami toho mai laushi na yanka idan Agusta ta kama.